Yadda Ake Shawo Kan Matsalar Tirim a Ƙaramin Jirgin Sama

Tirim shi ne abin da ke ɗauke wa matuƙi nauyin sitiyari, har jirgi ya tsaya a saurin da ake so ba sai ana ja ko turawa ba. A jirage irin su Cessna 172, wani ɗan faifai ne da ke maƙale a bayan elebeta, wato babban faifan jela mai ɗaga hancin jirgi da sauke shi. In ka murza tirim zuwa hanci sama, ɗan faifan zai sunkuya ƙasa, iska ta danna elebeta sama, hanci ya ɗaga. In ka murza zuwa hanci ƙasa, sai akasin haka. Ɗan faifan ƙarami ne, amma in ya tafi inda ba a aike shi ba, ƙarfin da zai ɗora a kan sitiyari ya isa ya gajiyar da ƙato cikin 'yan mintoci.

Abu guda za ka riƙe kafin komai: nauyin da ɗan faifan ke haifarwa yana ƙaruwa fiye da yadda saurin jirgi ke ƙaruwa: in sauri ya ninka biyu, nauyin zai ninka huɗu. Jirgin da saurinsa ya sauko daga not 120 zuwa not 85 (not shi ne ma'aunin saurin jirgi), ƙarfin iskar da ke dukan faifan ya ragu da kusan rabi. Shi ya sa sauri ne babban makaminka bayan ka kashe wutar tirim, in mai lantarki ne.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin jirgin da kake tuƙawa, tare da ƙarin shafukan da suka shafi otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta. Matakan gaggawa na tirim mai lantarki galibi a waɗannan ƙarin shafuka suke, ba a babban babin gaggawa ba, kuma nan ne masu koyo suka fi tsallakewa. In abin da ke littafinka ya saɓa da abin da ke nan, littafinka za ka bi.

Sanin irin tirim ɗin jirginka. Cessna 172 da Diamond DA40 suna da wili na hannu da ake murza tirim da shi, da ɗan faifai a jela. Piper PA-28 duk faifan jelar ne ke motsi gaba ɗaya, ɗan faifan bayansa yana aiki biyu, yana ƙara wa sitiyari nauyi kuma shi ne tirim. A Mooney jelar ce dukanta ke karkata. Cirrus SR20 da SR22 ba su da wili ko kaɗan, lantarki ne ke matsa sifirin, saboda haka babu zancen mayar da tirim da hannu.

Jan maɓallin da ke kan sitiyari, wanda aka rubuta wa AP DISC ko A/P TRIM DISC ko TRIM INT.

Birekar wutar tirim da ta otofailot, wato ɗan maɓallin da ake zarowa don yanke wutar lantarki, da zoben roba mai launi da ake saƙala mata domin yatsa ya gane ta ba tare da ido ya duba ba. In babu zobe, ƙirga matsayinta: layi na nawa, ta nawa daga hagu.

Kujera da ta kulle sosai a kan dogonta, da bel a ɗaure.

Malamin tuƙi da za ka gwada waɗannan matakai da shi a sama, nesa da ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda bai taɓa jin nauyin sitiyarin da tirim ya ƙure ba zai ɓata daƙiƙun farko yana mamaki.

1. Duba tirim tun jirgi yana ƙasa

A zagayen dubawa, kama ɗan faifan da yatsu biyu ka girgiza shi a hankali. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma in yana lilo ko yana ƙara, jirgin ba na tashi ba ne sai makaniki ya auna. Duba hinjin, duba sandar da ke tura faifan, tabbatar notinta da fil ɗin da ke hana shi warwarewa suna nan.

A cikin jirgi, murza wilin daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ka ji yana tafiya sumul, babu inda yake cijewa. Sannan ka tabbatar da alkibla: hanci sama a wili, ɗan faifai ƙasa a jela. Leƙa ta taga ko ka sa wani ya tsaya a baya ya faɗa maka. Wannan dubawar wajibi ce duk lokacin da jirgi ya fito daga gyara, domin ana iya ɗaura wayar tirim a juye, allurar da ke nuna matsayi kuma ta ci gaba da nuna abin da ba shi ba ne. Ranar 26 ga Agusta 2003 wani Beech 1900D na kamfanin Colgan Air ya faɗa ruwa kusa da Cape Cod a Amurka jim kaɗan bayan tashi, matuƙa biyun suka rasu. Binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ya nuna an ɗaura wayar tirim a juye lokacin gyara, duk murzawar da suka yi don ɗaga hanci sai ƙara sauke shi take yi.

In akwai tirim mai lantarki, maɓallinsa a yawancin jirage a rabe yake gida biyu. Danna ɓari ɗaya shi kaɗai: kada wili ya motsa. Danna ɗayan shi kaɗai: kada ya motsa. Danna su tare: ya juya ta inda ya dace. Yana cikin juyawa ka danna jan maɓalli: ya tsaya nan take. Sake sa shi juyawa ka riƙe wilin da hannu: kulocin ya zame, hannunka ya rinjaye shi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, tirim mai lantarki ya lalace ko da yana juyawa. Bari otofailot ya gama gwajin kansa, sannan ka mayar da tirim kan alamar tashi ka duba da idonka.

2. Gane matsalar da wuri

Alamar farko a hannu take. Sitiyari ya fara nauyi ba ka taɓa totur ba, ba ka sauke filaf ba (faifan bayan fiffike da ake saukewa don tafiya a hankali), nauyin kuma yana ƙaruwa. Kalli wilin: in yana juyawa shi kaɗai ba tsayawa, tirim ya gudu ke nan.

In otofailot na kunne abin ya fi haɗari, domin shi zai yi ta ɓoye matsalar. Yana riƙe jirgin daidai yayin da tirim ke tafiya, har ƙarfinsa ya ƙare ya saki, nauyin duka ya faɗo hannunka lokaci guda. A otofailot ƙirar Garmin GFC 700 za ka ga ELE da kibiya cikin ruwan ɗorawa in elebeta na ɗauke da nauyi, ko PTRM da ja in tirim ya lalace. A Bendix/King KAP 140 haruffan PT ne suke haskawa. Da ka ga ɗayansu, riƙe sitiyari da ƙarfi kafin ka kashe otofailot.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare: matuƙi ya ja ko ya tura sitiyari alhali otofailot na kunne. Na'urar za ta ɗauka jirgin ya kauce, sai ta yi ta murza tirim ta ɓangaren da ya saɓa wa hannunsa. Cikin 'yan daƙiƙu mutum ya jawo wa kansa gudun tirim a jirgin da lafiyarsa ƙalau. Ba a kokawa da otofailot. Ko a bar shi ya tuƙa, ko a kashe shi.

3. Riƙe sitiyari, danna jan maɓalli, kada ka saki

Waɗannan biyun tare ake yin su, kuma da ka ake haddace su, ba a buɗe takarda. Hannu ya riƙe hancin jirgi a inda ya dace da layin sararin sama, babban yatsa ya danne jan maɓalli. A yawancin tsare-tsare maɓallin yana yanke wutar tirim ne muddin yana danne. Ka saki, wuta ta dawo, tirim ya ci gaba daga inda ya tsaya. Mutane da yawa suna danna shi sau ɗaya kamar yadda suka saba kashe otofailot, su ji ƙarar kashewa, su ɗauka an gama.

In jirginka ba shi da wannan maɓalli, ko ka danna wilin bai tsaya ba, cafke wilin da ɗayan hannun, ko ka tokare shi da gwiwa in yana inda gwiwa za ta kai.

Kada ka raina nauyin da ke tafe. Tsofaffin ƙa'idojin Amurka na ƙera ƙananan jirage sun yarda sitiyari ya kai nauyin fam 75 da hannu biyu, kusan kilo 34, ko fam 50 da hannu ɗaya, amma na ɗan lokaci kawai. Nauyin da suka yarda matuƙi ya daɗe yana riƙewa fam 10 ne, ƙasa da kilo 5. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma ita ce ke gaya maka cewa ƙarfin damtse na sayen lokaci ne, ba shi ne maganin ba.

4. Yanke wutar gaba ɗaya

Yatsa na kan jan maɓalli, ɗayan hannun ya zaro bireka. A Cessna 172S mai GFC 700 ita ce aka rubuta wa AUTO PILOT. A Cirrus akwai ta PITCH TRIM da ta ROLL TRIM da ta injinan otofailot, kowacce daban. Sai bireka ta fito sannan ka saki maɓallin, idonka a kan wili. In ya sake motsi, ba ita ka zaro ba, sake dannawa.

Wasu tsofaffin jirage birekunsu a shafe suke, ba sa zaruwa. A nan nemi makunnin tirim ko na otofailot a jikin allo. In babu, kashe babban makunnin rediyo da na'urori, domin a jirage da yawa ta nan otofailot ke samun wuta. In shi ma bai tsayar ba, saura babban makunnin wutar jirgi. Injin da ke aiki da magneto, na'urar da ke samar wa fulogi wuta da kanta, ba zai mutu ba don an kashe wannan, amma za ka rasa rediyo, da filaf mai lantarki, da fitilu, wataƙila da wasu alluna. Da rana tsaka a sarari wannan ƙaramar asara ce. Da dare ko cikin gajimare, sai ka auna. Jirgin da kwamfuta ke sarrafa injinsa kuwa, kamar masu injin dizal, kada ka taɓa wannan makunni sai littafinsa ya ce a yi.

Da ka yanke, ka yanke ke nan har sauka. Kada ka mayar da bireka don ka ga ko ya warke, kada kuma ka sake kunna otofailot.

5. In hanci na neman sama

Haɗarin nan shi ne sauri ya zube har fiffike ya daina ɗaukar jirgi, abin da matuƙa ke kira sitol. Tura sitiyari da hannu biyu, miƙe gwiwar hannu ta kulle domin ƙashi ya ɗauki nauyin maimakon tsoka. Nan ne kullewar kujera ke da muhimmanci: duk abin da ka tura gaba, bayanka na tura kujera baya da irinsa, kuma kujerar da ta zame ta tafi da kai da sitiyarin tare.

Sauke hanci zuwa layin sararin sama tukuna, sannan ka rage totur. A yawancin jirage masu farfela ɗaya a gaba, ƙarin wutar inji na ɗaga hanci, ragewa na sauke shi, don haka rage wutar zai sassauta maka. Amma kada ka janye totur gaba ɗaya alhali hanci na sama sauri na zubewa. Tsarin shi ne hanci, sannan wuta.

Tirim da ya ƙure sama yana neman jirgi ya yi tafiya a hankali ne. Duk yadda ka kusanci wannan saurin, nauyin na raguwa. A Cessna 172S, wanda ke sitol a not 48 ba filaf, tafiya a not 70 zuwa 80 za ta bar maka tazara mai kyau kuma hannu ya samu sauƙi.

In hanci ya fi ƙarfinka duk da turawa, karkata jirgin gefe. Karkatar digiri 30 zuwa 45 tana mayar da wani ɓangare na ɗagawar fiffike zuwa juyawa, hanci ya daina hawa. Taka feda har ƙwallon allon da ke nuna zamewar jirgi gefe ya zauna a tsakiya, domin sitol a karkace da ƙwallo a gefe shi ke zama juyin katantanwa. Dabarar samun 'yan daƙiƙu ce don a kashe wutar tirim a murza wili, kuma kusa da ƙasa sai da taka-tsantsan.

Akwai irin wannan da ba lalacewa ba ce. Jirgi na gab da sauka, an murza tirim sama sosai, sai aka fasa sauka aka tura totur duka. Hanci zai yi tsalle sama da ƙarfi. Maganinsa ɗaya ne da na sama: tura, riƙe hanci a matsayin hawa, sannan ka murza tirim ƙasa.

6. In hanci na neman ƙasa

Wannan ya fi saurin kisa, domin kansa yake ciyarwa: hanci ya sauka, sauri ya ƙaru, nauyi ya ƙaru, hanci ya ƙara sauka. Janye totur nan da nan. Daidaita fikafikai kafin ka ja, don ja a karkace matse juyawa kawai yake yi. Sannan ka ja da hannu biyu, da ƙarfi amma ba fizga ba. A 172S layin ja na allon sauri, wanda ba a wucewa, yana not 163, iyakar tafiya cikin iska mai gargada not 129, kuma fizgar sitiyari sama da not 105 a cikakken nauyi na iya lahanta jikin jirgin.

Da hanci ya dawo daidai, bar sauri ya ci gaba da sauka kafin ka mayar da wuta daidai wadda za ta riƙe tsayi. In akwai wanda ke zaune a kujerar dama, ko da bai iya tuƙi ba, ce masa ya kama nasa sitiyarin ya ja tare da kai, kuma ka gaya masa ƙarara cewa in ka ce saki ya saki. In kai kaɗai ne, saƙala damtse ta bayan ƙahon sitiyari ka jawo da kafaɗa, ɗayan hannun ya samu damar aiki.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata ka fahimta. In tirim ya ƙure ƙasa gaba ɗaya, rage sauri na rage nauyi. In kuwa ya tsaya ne a matsayin tafiyar tsakiya, rage sauri zai ƙara maka ja, domin kana nisantar saurin da aka daidaita shi a kai. Sai dai wannan jan yana da iyaka, kuma a ƙaramin jirgi hannu na iya ɗaukarsa har sauka. Kada ƙaruwarsa ta tsorata ka ka ƙi rage sauri.

7. Mayar da tirim da hannu, da abin yi in ya cije

Wutar tirim ta mutu, sauri ya daidaita, sai ka murza wili har nauyi ya tafi. In wilin ya yi tauri saboda iska na danne faifan, ƙara rage sauri, ko ka ɗan sassauta sitiyari na daƙiƙa ɗaya ka murza, ka sake riƙewa, in kana da tsayin da zai ɗauki haka.

Lura da abin da murzawar ke haifarwa. In ka murza ta inda ya dace nauyi ya ƙaru maimakon ya ragu, musamman a tashin farko bayan gyara, tsaya. Mayar da wilin inda yake, gwada ɗayan ɓangaren kaɗan. In ya yi sauƙi, an ɗaura shi a juye, ka bi abin da hannunka ke ji ka manta da rubutun.

In wilin ya ƙi motsi sam, duba ko wani abu ya faɗa cikin raminsa: biro, igiyar na'urar kunne, bakin bel. In ka hau sama cikin sanyi bayan jirgi ya sha ruwan sama ko wanki, mai yiwuwa ruwa ne ya daskare a cikin na'urar, ko giris ya sandare, kuma saukowa inda iska ta fi ɗumi kan sake shi. Kada ka sa ƙarfi. Tirim da ya cije matsala ce da ake sauka da ita lafiya, amma waya da ta tsinke ko sarƙa da ta zame na iya barin faifan ba mai riƙe shi.

In wilin na juyawa fayau babu wani canji a sitiyari, wayar ta riga ta tsinke ko ta zame. Daina murzawa, domin sakakkiyar waya na iya naɗe wa wayoyin elebeta.

Wanda ba shi da wili, ko nasa ya ƙi, yana da abubuwa uku da zai rage nauyi da su: sauri, wutar inji, da filaf. Na huɗu shi ne nauyin cikin jirgi. Fasinja ya matsa kujerarsa baya ko a miƙa jaka baya in hanci na neman ƙasa, a matso da su gaba in yana neman sama. Kada dai a wuce iyakar ma'aunin nauyi da littafi ya gindaya, don jirgin da nauyinsa ya koma baya fiye da kima ya fi wahalar fita daga sitol.

Wani abin lura a gefe: in elebeta ce kanta ta cije ba tirim ba, ɗan faifan zai koma ƙaramar elebeta, kuma aikinsa zai juye. Murza hanci ƙasa zai ɗaga hanci kaɗan, murza sama ya sauke shi. In kuwa elebeta ta saki ne tana lilo, tirim na aiki yadda aka saba, kuma littafin 172 ya ba da hanya: a daidaita jirgi a kusan not 65 da filaf digiri 20, a bar tirim, a sarrafa saukowa da totur.

8. In jela ta fara karkarwa

Karkarwa mai sauri a sitiyari ko a jikin jirgi alama ce cewa ɗan faifan ya kwance yana kaɗawa cikin iska. Wannan kaɗawa na iya yage faifan ko elebeta cikin daƙiƙu. Janye totur, ɗaga hanci a hankali, riƙe sitiyari gam, rage sauri har karkarwar ta tsaya, kuma kada ka sake wuce wannan saurin. A gasar tseren jirage ta Reno a Amurka, ranar 16 ga Satumba 2011, notocin da ke riƙe faifan tirim na wani jirgi ƙirar P-51 sun sassauta, faifan ya kaɗa, sandarsa ta karye, jirgin ya yi sama da ƙarfin da ya sumar da matuƙin, mutum 11 suka mutu har da shi. Saurin wancan jirgi ya ninka na ƙaramin jirgi sau da yawa, amma abin da ya lalace shi ne dai abin da kake girgizawa da yatsu biyu kafin tashi. Da karkarwa, filin jirgi mafi kusa za ka nufa.

9. Sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage

Sai jirgi ya dawo hannunka sannan rediyo. In kana riƙe da shi ba wahala, PAN-PAN, kiran neman kulawar gaggawa, sau uku ya isa. In kana kokawa, MAYDAY, kiran neman ceto, sau uku, sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke nuna wa rada jirginka, in ba ka magana da kowa a rediyo kira a zangon gaggawa na 121.5. Faɗi abin da kake bukata a taƙaice: titi mafi tsawo, wanda ya fi fuskantar iska, doguwar hanyar shigowa miƙe, kuma kada a sa ka juye-juye. Gaya musu hannayenka biyu na kan sitiyari, ba kowane kira za ka amsa ba.

Kada ka zaɓi fili mai nisa don ya fi dacewa. Nauyin da kake ɗauka cikin sauƙi yanzu, bayan minti ashirin hannu zai fara rawa, kuma sauka ce ta fi bukatar ƙarfin.

10. Gwada sauka tun kana sama

A tsayin ƙafa 3,000 ko fiye daga ƙasa, in hali ya bari, rage zuwa saurin shigowa ka ji nauyin. Sauke filaf mataki ɗaya, jira, ji abin da ya canza. A 172S matakin farko na digiri 10 ana sauke shi ƙasa da not 110, sauran ƙasa da not 85. Jirage masu fiffike a sama irin Cessna sukan ɗaga hanci da farko in an sauke filaf, masu fiffike a ƙasa da yawa sukan sauke shi, amma kowane jirgi da halinsa, kuma abin da ka ji a wannan gwaji shi ne gaskiyar ranar. In mataki ya rage nauyi, riƙe shi. In ya ƙara, mayar da shi. Sannan janye totur kamar za ka taɓa ƙasa ka ji yawan jan da zai bukata, ka kuma ƙara wuta a hankali ka ji abin da fasa sauka zai haifar. Tsarin da ya fi sauƙi a hannu, da shi za ka sauka, ko da ba filaf ne. Ka tuna in ka kashe babban makunnin wuta, filaf mai lantarki ba zai sauka ba.

11. Sauka

Shigo daga nesa, miƙe, da saukowa mai laushi, komai a daidaite tun da wuri. Ɗaure abin da ke riƙe totur ya yi ɗan tauri don kada ya zame in ka ɗauke hannu. In hannu biyu sitiyari ke bukata, nuna wa na kusa da kai totur ka gaya masa kalmomin da za ka yi amfani da su: ƙara kaɗan, rage kaɗan, janye duka.

Da tirim a sama, shigowa za ta zo da sauƙi tunda saurin ya yi kusa da wanda tirim ke nema. Wurin daidaita jirgi gab da ƙasa, sassauta turawa kawai za ka yi maimakon ja, kuma a hankali, don kada jirgin ya sake tashi. Abin tsoro shi ne fasa sauka. In dole ne, tura sitiyari tukuna, ƙara wuta sannu-sannu, kuma kada ka kai ta ƙarshe in abin da ka ba ta ya isa hawa.

Da tirim a ƙasa, wahalar tana ƙarshe. Da ka janye totur hanci zai ƙara nauyi a daidai lokacin da kake son ɗaga shi. Bar 'yar wuta har tayoyin baya su taɓa, ƙara kamar not 5 a kan saurin da ka saba, shi ya sa ake neman dogon titi. A 172S saurin shigowa not 60 zuwa 70 ne da filaf, 65 zuwa 75 ba filaf. Kada ka bari tayar gaba ta riga sauka, domin daga nan jirgi ke fara tsalle-tsalle har ƙafar gaba ta karye ko farfela ta daki ƙasa. Bayan taɓawa ci gaba da ja har sauri ya mutu, kada ka saki don murna.

Mai tuƙa Cirrus da ya ga jirgin ya fi ƙarfinsa yana da lemar ceton jirgi, kuma shawarar jan ta ana yanke ta ne tun akwai tsayi, ba bayan ya ƙare ba.

12. Bayan an tsaya

Bar tirim a inda yake, bar bireka a zare, ɗauki hoton wili da allurarsa da ɗan faifan a jela. Rubuta a littafin lahani abin da ya faru dalla-dalla: otofailot na kunne ko a kashe, a wane yanayi yake, ta ina tirim ya tafi, wane saƙo ya fito a allo, jan maɓalli ya tsayar ko bai tsayar ba, sanyin waje nawa ne, sauri mafi yawa da jirgin ya kai. In an wuce layin ja ko an ja da ƙarfi sosai, faɗa, domin jikin jirgin na bukatar dubawa ta musamman. Matsalar lantarki takan ɓuya a ƙasa, maɓalli mai ɗan datti ko waya da ta goge na iya aiki lafiya a gwaji goma, don haka gwaji ɗaya da ya yi kyau bai wanke jirgin ba. Jirgin zai zauna har makaniki mai lasisi ya gano dalili ya sa hannu, ko ya cire wa tirim mai lantarki wuta ya liƙa masa alamar ba ya aiki in ƙa'idar jirgin ta yarda a tashi haka.